Na mayar da famfon baƙin mai, fitilar ja ta ƙi mutuwa

Assalamu alaikum iyayen gidana kanikawa, ku taimaka min, kwana uku ke nan abin nan ya hana ni barci.

Corolla ce ƙirar 2005, mai injin 1ZZ. Mai motar ya kawo ta saboda fitilar baƙin mai tana kamawa idan inji ya yi zafi a silo, wato yana aiki ba a taka totur ba. Na sauke murfin gaba, na cire cen ɗin tamin (sarƙar da ke daidaita lokacin aikin inji), na zaro famfon baƙin mai daga kan kiranshaf (babbar sandar da fistin ke juyawa). Haƙoransa lafiya lau, sai ɗan karce a cikin murfin famfon wanda farce ke ji da ƙyar. Bawul ɗinsa mai rage ƙarfin mai idan ya yi yawa na wanke da fetur, yana motsi sumul. Rariyar ƙasan inji da famfon ke zuƙo mai ta cikinta kuwa ta toshe da dasƙararren mai kamar kwalta, na wanke ta tas.

Na sa sabon gasket, na cika famfon da mai kafin in ɗaura, na canza filta. Da sanyi fitilar tana mutuwa, bayan minti 20 sai ta dawo tana ƙyaftawa.

Wannan ɗan karcen zai iya zubar da ƙarfin mai haka, ko metal, wato beyarin ɗin kiranshaf, ne suka cinye? Ba na son bawan Allah ya sayi famfo a banza. Gejin auna ƙarfin mai zan fara nema, ko in sake buɗe ƙasan injin?