Madamƙin Saƙago: Wa Ya Ƙirƙira, Wa Ya Kwaikwaya?

Mai gyaran waya, Garwa:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Na shigo da ɓacin rai, ina kuma roƙon a yi mini adalci. Wata huɗu na kwashe ina aiki a kan madamƙin da na ƙirƙira wa ɗan saƙagona, wato hannun da yake kama abu ya ɗaga. Sau uku na yanka shi da kwali ina gwada tsawon yatsun kafin na taɓa ƙarfe, sannan na yanko su daga guntun alminiyom na tsohuwar taga, na goge bakinsu da magagari, na naɗe kan kowane yatsa da robar cikin tayar keke. Ƙaramin injin sarbo, SG90, shi ke buɗe su yana rufewa, Arduino kuma, wato ɗan ƙaramin allon kwamfuta, ke ba shi umarni. A baje kolin matasa da aka yi makon jiya ya ɗauki ƙwai daga faranti ya ajiye a kwano sau goma a jere, bai fasa ko ɗaya ba. Duk da haka alƙalai suka wuce ni, suka ba wanda ya sauko da zane daga intanet ya buga shi da firintar 3D, alhali kafin la'asar yatsun nasa sun lanƙwashe a rana har sun daina haɗuwa. Maganata ita ce, a zafin Garwa madamƙin ƙarfe da aka yi da hannu ya fi na robar PLA, wato robar da firintar ta buga nasa da ita, domin ita tun daga wajen digiri 60 take fara laushi, mu kuwa a watan Maris da Afrilu ko a inuwa mukan wuce 40, balle abin da aka ajiye a kan teburin ƙarfe a tsakar rana.

Ɗalibin injiniya, Marwa:
Wa alaikumus salam, Yaya. Allah ya huci zuciyarka, amma kalmar nan ta ƙirƙira ta fi ƙarfin abin da ka yi. Na duba hoton da ka saka, yatsu biyu ne masu haƙora a gindi, ɗaya yana kan injin, ɗayan yana bin sa. Wannan tsari yana cikin kusan kowane kwalin kayan koyo da ake sayarwa. Tun 1961 da aka kafa saƙagon da ake kira Unimate a masana'antar General Motors da ke New Jersey a Amurka hannun inji yake damƙar ƙarfe mai zafi yana ajiyewa. Abin da ka yi haɗawa ne, kuma haɗawa ba abin kunya ba ce, sai dai ba ita ake kira ƙirƙira ba.

Tsohon maƙeri, Garwa:
Ɗana na Marwa, idan yatsu biyu masu haɗuwa sun hana a ce mutum ya ƙirƙira, to su ma Turawan da ka ambata ba su ƙirƙiri komai ba, domin awartaki ya girmi kakanninsu. Shekara arba'in ina bakin zugazugi. Awartaki bakwai ke rataye a maƙerata, kuma babu biyu masu baki iri ɗaya: wanda nake riƙe ruwan fartanya da shi bakinsa shimfiɗaɗɗe ne, wanda nake riƙe rodi da shi na ƙwaƙule masa ciki don ya rungume shi kada ya juya a ƙarƙashin masaba. Babu wanda ya ba ni zanensu. Na dubi abin da zan kama ne, na ƙera bakin da ya dace da shi. Yaron nan ya dubi ƙwai, ya ƙera bakin da zai riƙe ƙwai bai fasa ba, to me za a kira wannan in ba ƙirƙira ba?

Ɗalibin injiniya, Marwa:
Baba, ina girmama sana'arka, amma da bakinka ka ce ka ƙera. Ƙira daban, ƙirƙira daban. Maƙeri yana fitar da abin da aka riga aka sani, mai ƙirƙira kuwa yana zuwa da dabarar da ba a taɓa gani ba.

Tsohon maƙeri, Garwa:
Ashe yau ni za a koya wa ma'anar ƙira. Allah ya ba mu haƙuri da 'yan boko.

Malamar kimiyya, Ngaundere:
Baba, a yi haƙuri, ina ganin ba raini yake nufi ba. Bari in kawo misali biyu ko za su raba gardamar. A 2010 masana daga jami'o'in Chicago da Cornell, tare da kamfanin iRobot, sun nuna madamƙin da ba shi da yatsa ko ɗaya. Balan-balan ce aka cika da garin kofi, a danna ta a kan abin da ake son ɗauka ta lulluɓe shi, sannan a zuƙe iskar da ke ciki, garin ya cushe ya yi tauri ya riƙe abin gam. Ɗalibaina sun gwada shi da babban sirinji a matsayin mazuƙi, sun ɗauki biro da murfin kwalba. Na biyu shi ne yatsun da kamfanin Festo na Jamus ya yi bisa abin da masanin halittu Leif Kniese ya lura da shi a 1997: idan ka danna jelar kifi daga gefe, maimakon ta kauce wa yatsanka sai ta lanƙwaso ta rungume shi. Duk wanda ya sayi karfasar tafkin Lagdo a kasuwa yana iya gwadawa kafin a kankare ta. Duniya ta karɓi wannan a matsayin sabuwar dabara, alhali kwaikwayon halittar Ubangiji ne. Saboda haka kwaikwayo bai hana ƙirƙira.

Mai acaɓa, Garwa:
Malama, da girmanki kika ce ƙanenmu kwaikwayo ya yi? Ni ina wurin, ni na ɗauko shi da kwalinsa a babur tun da safe, kuma da idona na ga ƙwan nan goma. Wanda ya yi kwaikwayo shi ne wanda ya danna kwamfuta na'ura ta tofo masa roba. An san waɗanda ake ba kyauta a irin wannan taro tun kafin a shimfiɗa tebur.

Malamar kimiyya, Ngaundere:
Ƙanena, sake karanta abin da na rubuta. Goyon bayansa nake yi, ban ce ya saci aikin kowa ba.

Mai gyaran waya, Garwa:
Don Allah a dawo kan tambayata. Na yarda a cire kalmar ƙirƙira a sa duk wadda aka ga dama. Abin da nake son a amsa mini shi ne, shin daidai ne a fifita madamƙin da ya narke kafin la'asar a kan wanda ya yi aiki har magariba?

Baduku, Marwa:
Ɗan'uwa, tun da zancen zafi kake yi, robar tayar da ka naɗa ita ma ba ta jure rana, takan bushe ta tsattsage, kuma ƙura tana manne mata har ta koma santsi. Da ka aiko Marwa an yanko maka fatar akuya jemammiya, ka liƙa ta da bayanta mai kaushi a waje, da ka ga riƙo. Majeman garin nan ba su da na biyu a duk arewa, amma ku mutanen Garwa ba ku son ku tambaya.

Mai acaɓa, Garwa:
To ga shi ta fito fili. Tun ɗazu na lura duk masu sukar yaron nan daga gari ɗaya suke. Da ɗan Marwa ne ya yi wannan hannun da tuni an ce ba a taɓa ganin irinsa ba.

Ɗalibin injiniya, Marwa:
Lissafi bai san gari ba. Ƙarfin juyin SG90 kusan kilo 1.8 ne a nisan santimita ɗaya daga tsakiyar injin. Idan yatsan ya kai santimita shida, abin da ya rage a bakinsa bai wuce giram 300 ba, kuma nauyin alminiyom da saɓanin haƙora za su ci wani abu daga ciki. Ƙwai giram 50 zuwa 60 ne, shi ya sa ya ɗauka cikin sauƙi. A ba shi babbar albasa a gani, ko dai ta zame ko haƙoran robar da ke cikin injin su cinye. Mai ƙirƙira na gaske da ya yi wannan lissafin tun farko, ya sa injin sarbo MG996R mai haƙoran ƙarfe, ya ba shi batir nasa daban maimakon ya ja wuta daga Arduino.

Tsohon maƙeri, Garwa:
Don ƙwai aka yi shi, kuma ƙwai ya ɗauka. Ban taɓa jin an zargi hantsaki don bai ɗaga uwar maƙera ba. Kai da ka iya lissafin, nuna mana wanda hannunka ya yi.

Mai kula da zaure, Marwa:
Jama'a, dare ya yi, zan taƙaita in rufe. Abin da na fahimta shi ne, yawancin waɗanda suka yi magana da hujja sun tafi a kan cewa kalmar ƙirƙira ba ta dace da aikin ɗanmu na Garwa ba, shi da kansa ma ya amince a cire ta. Ɗalibinmu ya kawo shekara ya kawo lissafi, kuma babu wanda ya rushe lissafin nasa. Malama ta nuna mana irin abin da duniya take kira sabuwar dabara, wanda ya bambanta da yatsu biyu masu haƙora. Baba ya yi magana irin ta manya, muna kuma girmama shi, sai dai ƙauna ce ta rinjayi maganarsa. Zancen bangaranci da aka jefi mutanen Marwa da shi ba shi da tushe, kada a sake kawo shi nan. Shawarar fatar akuya shawara ce mai kyau, ina ba ɗanmu ƙarfin gwiwa ya karɓe ta, ya canza injin, ya kuma nemi ɗalibin nan ya duba masa lissafi kafin baje koli na gaba. Na rufe wannan batu daga nan.