Kifin da ke cin kaushin ƙafa: ruwan nan yana da tsabta kuwa?

Maman Ikram:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Watan gobe in Allah ya kai mu zan je Istanbul saro kaya, kuma da Hajiyarmu za mu tafi. A zuwana na baya na ga wani shago kusa da masaukinmu, akwatunan gilashi a jere cike da 'yan ƙananan kifaye, mutum ya zauna ya tsoma ƙafa su yi ta tsotsar matacciyar fata. Hajiya na fama da kaushi da faso, da ɗari har jini dunduniyarta ke yi, ga ciwon suga. Tun da ta ga bidiyon take cewa sai ta gwada. Abin da ya tsaya mini a rai, ina tsaye wani ya cire ƙafarsa, wata ta zura tata, ba a canza ruwan ba. Ana sa masa magani ne? Don Allah masu sani ku taimaka.

Baban Tarwada:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni kiwon kifi nake yi, don haka ta ɓangaren ruwa zan amsa. Sinadarin kulorin da ake zubawa a wurin ninkaya ba ya shiga ruwan kifi, kashe su yake yi. Ko ruwan famfo mai kulorin sai mun bar shi ya kwana kafin mu zuba wa 'ya'yan kifi. To kin ga maganin da ya fi ƙarfi an riga an cire shi daga lissafi. Abin da ya rage musu shi ne injin tace ruwa, da fitilar UV, mai hasken da ke kashe ƙwayoyin cuta, da ruwan ke bi ta cikinta, wasu su ƙara da iskar ozon. Amma fitilar nan abin da ya gifta ta gabanta kawai take kashewa. Yauƙin da ke manne a jikin gilashi da bututu, da abin da ke bakin kifin kansa, ba ta kai gare su. Ga ruwan kullum da ɗumi, ga kashin kifi, ga ɓarɓashin fatar mutane. Ƙwayar cuta ba ta neman fiye da haka.

Anti Nas:
Maman Ikram, don girman Allah kar ki bari Hajiya ta sa ƙafa a ciki. Mai suga sau da yawa ba ya jin ciwo a tafin ƙafa, kuma rauni ba ya saurin warkewa. Fason nan da ke jini ƙofa ce a buɗe. A wurin aikina ina wanke gyambon da asalinsa ɗan tsagewar dunduniya ne, wani har sai an kai ga yanke yatsa.
A 2011 hukumar kare lafiya ta Birtaniya ta ce haɗarin kaɗan ne ga mai lafiya, amma ta ja kunnen masu suga, masu raunin garkuwar jiki da masu rauni a fata su kauce. A shekarar ma masu bincike a can suka gano ƙwayar Streptococcus agalactiae a kifayen da aka shigo da su daga Indonesiya. A Amurka jihohi fiye da 10 sun haramta sana'ar, don ba yadda za a tsabtace kifi tsakanin wannan mutum da wancan.
Ki kai ta likita ya duba ƙafar. Kafin nan ta riƙa wankewa da ruwan ɗumi, a tsane sosai har tsakanin yatsu, a shafa man kaɗanya a dunduniya. Ban da reza.

Ɗalibin Sivas:
Sunan kifin Garra rufa, ba shi da haƙora. A Kangal, nan lardin Sivas na Turkiyya, yana rayuwa a maɓuɓɓugar ruwan ɗumi, masu ciwon fata na soriyasis suna zuwa su yi kwanaki. Can ruwan gudana yake yi, ba a kulle a akwati ba kamar na shago. Wasu shagunan kuma wani kifi daban suke sawa, chinchin, mai kama da shi, shi kuwa yana fid da haƙora har ya ja jini.

Maman Ikram:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti Nas, zan karanta wa Hajiya saƙonki da daddare, ta fi jin maganar ma'aikatan asibiti. Dutsen goge ƙafa fa, shi ma ta bari har mu ga likita?

Anti Nas:
Ta bari tukuna, tun da wurin yana jini.