Hayar akwatin shara don ɓaraguzan rufi: abin da masu aikin rufi suka yi ittifaƙi a kai

A Amurka, in za a yaye tsohon rufin kwalta (falle-fallen rufi da ake yi da kwalta), akan yi hayar babban akwatin ƙarfe da mota ke ajiyewa a ƙofar gida. Girmansa, wato yawan abin da cikinsa ke ɗauka, yakan zo yadi 10, 20, 30 ko 40 (cubic yard), amma masu aikin rufi sun nanata cewa nauyi ne abin lura, ba faɗi ba. Rufin kwalta na yau da kullum mai faɗin ƙafa murabba'i 100 yakan kai nauyin fam 200 zuwa 250, mai kauri kuma ya fi haka. In an taɓa ɗora sabon rufi a kan tsoho, nauyin ya ninka ke nan. Kamfanin hayar na yanka iyakar tan nawa za a zuba, abin da ya haura kuma kuɗi ne daban. Don haka a tambayi farashin kowane tan na ƙari kafin a biya, a ganina wannan ce shawarar da ta fi kowace amfani. Ruwan sama ma na ƙara nauyi, sai a rufe da tamfol.

Sauran ba su da wuya. A shimfiɗa katako a ƙasa kada ƙarfen ya fasa daɓen siminti. Ajiye akwatin a kan titi yakan buƙaci izinin hukumar gari. Kada a cika shi ya wuce baki, direba na iya ƙin ɗauka. Tsohon gida kuwa a fara gwada rufin ko akwai asbestos (wani ma'adini da ƙurarsa ke cutar da huhu), domin ba a haɗa shi da sauran shara. Bayan an gama, a bi tsakar gida da maganaɗisu a tsince ƙusoshi.