Taƙaitawa: abin da aka faɗa kan yadda yara ke fara magana

Ga abin da na tattara daga maganganun jama'a:

1. An yarda cewa ji yana gaba da faɗa. Jariri kan fara gwaranci irin "ba-ba", "da-da" wajen wata 6, kalmar farko ta fito wajen shekara 1, ya haɗa biyu kamar "Mama zo" wajen shekara 2. Yara sun bambanta, kada a riƙa auna wannan da wancan.

2. Ku yi ta yi wa yaro hira tun bai iya amsawa ba. In ya nuna kyanwa ya ce "kare", ba sai an tsawata masa ba. A ce "Kyanwa ce, ga wutsiyarta," a ci gaba. A wannan shekarun duk mai ƙafa huɗu kare ne a wurinsa.

3. Harshe biyu a gida: nan aka rabu. Wasu na tsoron zai rikita yaro. Mafi yawa suka ce cakuɗa kalmomi ba jinkiri ba ne, yana warwarewa da kansa. Ni ma can na karkata.

4. Waya da talabijin: wasu sun ce suna koyar da kalmomi, wasu suka kawo shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019, cewa a nisanta yaro ɗan ƙasa da shekara 2 daga kallon allon waya ko talabijin.

5. Wanda ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ko ya daina faɗin kalmomin da ya iya, a kai shi asibiti a fara duba kunne.