"Ba a fafe gora ranar tafiya": ta hau maganar nukiliya kuwa?

Ɗan Kubwa: Salamu alaikum. Daren jiya a teburin mai shayi gardama ta kaure kan tashar lantarkin nukiliya da aka ce za a gina a Geregu ta jihar Kogi da Itu ta Akwa Ibom. Wani ya ce tun 2017 aka sa hannu da Rosatom, kamfanin nukiliya na Rasha, har yau ko tubali ba a aza ba. Sai wani dattijo ya ajiye kofi ya ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya." Goyon baya yake ko suka? Ban gane ba.

Tsohon Malami: Wa alaikumus salam. Yaran birni ba ku san gora ba shi ya sa. Fafewa ita ce a yanke bakinsa a ƙwaƙule 'ya'yan da ke ciki. Sabon gora ɗaci gare shi, sai an jiƙa shi kwanaki ana zubar da ruwan. In ka fafe da safe ka kama hanya, ruwan ɗaci za ka sha. Dattijon goyon baya yake: abin da ke cin shekara goma ana gini, tun yanzu ake fara shi. Ai ƙaramin injin binciken nukiliya na jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tun 2004 yake aiki, a nan ake horar da masana.

Injiniya: Malam, fassararka daidai ce, amma wanne ne goran? Ni a wurina layukan dakon wuta ne. Abin da ƙasar nan ke rabawa bai cika wuce megawat 5,000 ba, injin Rasha guda ɗaya kuwa 1,200 yake bayarwa. Ranar da ya tsaya ba zato, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi lokaci guda, layin gaba ɗaya ya durƙushe. Kun manta duhun da Arewa ta sha a Oktoban 2024 da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna? Karin maganar ta fi zama hujja a kan gwamnati.

Maman Ilham: Ku dai yi ta fassara. Ni ƙanƙara nake sayarwa a Mararaba, jiya firiza biyu suka narke, zoɓon ma ya yi tsami. Nawa ne kuɗin goran?

Injiniya: Hajiya, ta Masar a El Dabaa kusan dala biliyan 30 ce, biliyan 25 bashi ne daga Rasha. Ta Hinkley a Ingila an ce fam biliyan 18 a 2016, yanzu ta haura 30.

Maman Ilham: Ingila ke nan fa! In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta...

Tsohon Malami: Hajiya, waccan gargaɗi ce, shafa ruwa aka ce, ba a ce ka aske gemun ba. Injiniya kuma na karɓi rabin maganarka, amma wanda bai sa ranar tafiya ba, yaushe zai tuna da gora?

Ɗan Nyanya: Tashar lantarkin ruwa ta Mambila ma tun ina firamare ake fafe ta.

Ɗan Kubwa: Gobe in Allah ya kai mu zan tare dattijon, in biya masa shayi, ya faɗa da bakinsa.