Kukanmu a zauren majalisa: wa zai amsa mini da waƙa?

Ɗan Rigasa:
Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya ina shago ina jin labarin zaman majalisa a rediyo sai aka sako muryar wani wakili yana karanto ƙudiri kan harin da aka kai mazaɓarsa har muryarsa na rawa, aka yi shiru na minti ɗaya aka buga guduma aka wuce batu na gaba, wlh na kasa barci shi ne na rubuta wannan, mai amsa ya amsa mun da waƙa dan Allah.

Da sunan Allah zan fara,
Sarkin da bai taɓa gyangyaɗi ba.
Wakilai 360 a zaure,
Ban ce ba sa magana ba.
Sanatoci 109 ne,
Ba a rasa mai kishi ba.
Tudun Biri daren Mauludi,
Disambar 2023 ba mu manta ba.
Bam ya sauka kan masu yabon Annabi,
Ba su ɗau makamin kowa ba.
An miƙe an yi shiru a Abuja,
Shirun bai dawo da uwa ba.
An ce lallai a yi bincike,
Ni dai ban ji ƙarshensa ba.

'Yar Gwange:
Wa alaikumus salam ƙanena, ni ma ina da nawa ciwon amma ban yarda da kai duka ba, ga tawa.

Ƙanena ka fama mini miki,
Wanda har yau bai warke ba.
Daren da dam ɗin Alau ya ɓalle,
Ba mu fita da ko tabarma ba.
Ruwa har wuya a Gwange,
Kasuwar Monday ba ta tsira ba.
Kadoji sun fito daga gidan zu,
Yara ba su san inda za su ba.
Amma da na ji a zauren Abuja
Ba su tsallake sunanmu ba,
An kira Maiduguri da baki,
Na yi kuka ban ji kunya ba.
Wanda aka ambata a taro,
Ba ɗaya yake da wanda ba a sani ba.

Satumbar 2024 kenan, muna kwance a filin makaranta da yara huɗu, wannan ambaton kaɗai sai da ya sanyaya mun rai.

Malam Na Tudun Wada:
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar muku da alheri 'yata. Toh bari tsoho ya sa baki.

'Ya'yana ku ba ni kunnenku,
Akwai ƙullin da ke son warwarewa.
Ƙudiri roƙo ne da shawara,
Ba shi da ƙarfin tilastawa.
Doka ce mai haƙoran cizo,
Sai kasafi mai ciyarwa.
Kuɗi ba ya barin baitulmali,
Sai majalisa ta yi amincewa.
Suna da ikon kiran minista,
Ya zo gabansu ya yi amsawa.
A nan ake riƙe wakili,
Ba a layin shinkafar rabawa.

Kuma kar ku ɗauka magana a can kyauta ce, Sanata Ali Ndume da ya fito ya yi maganar yunwa a Yulin 2024 sai da ya rasa kujerarsa ta mai tsawatarwa, Sanata Abdul Ningi kuma an dakatar da shi a Maris na 2024 saboda zargin cushe da ya yi a kasafi. Sannan ku tuna ƙudirorin haraji da aka kai Oktoban 2024, da gwamnoni da malamai da 'yan majalisar Arewa suka tashi tsaye kan rabon harajin sayen kaya na VAT ai sai da aka gyara tsarin kuma aka bar VAT ɗin a kashi 7.5 kafin a sa hannu a Yunin 2025, ni wannan ne ya sa ban fid da rai da zauren nan ba.

Manomin Tsafe:
Baba Malam ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya, amma ka yi haƙuri zan ɗora.

Baba na ji kuma na gode,
Ka faɗa mana gaskiya.
Mu nan kafin mu taɓa gona,
Sai mun kai wa ɓarayin daji dukiya.
Lokacin girbi a sake karɓa,
In babu a ƙone hatsin gaba ɗaya.
Taken ƙasa da suka so canzawa,
Sun gama shi cikin mako ɗaya.
Mayun 2024 muna gani,
Ba a jinginar da shi a ma'ajiya.
Irin saurin nan nake roƙo,
Ga uwar da ke kwana a kan hanya,
Ga irin yaran Kuriga da aka kora daji,
Daga harabar makaranta da safiya.

Ɗan Rigasa:
Kai yayana ka sa ni hawaye wlh. Yaya 'Yar Gwange na karɓi gyaranki.

Na yarda ambato magani ne,
Amma bai kai ga warkarwa ba.
Malam nuna mana ƙofar shiga,
Don ba mu iya hanyar ba.

Malam Na Tudun Wada:
Majalisar Wakilai tana da kwamitin karɓar ƙorafin jama'a, kuma wakilinku ne zai miƙa takardar a zaure. Ɗana na Tsafe ka rubuto mun sunayen ƙauyukan da ake karɓar kuɗin noma da lokacin da aka karɓa, kar ka sa sunan kowa saboda tsaro, ni zan tsara muku takardar bayan sallar isha'i, ku kuma ku nemo masu sa hannu.

Manomin Tsafe:
Toh Baba, netwok ɗinmu sai na hau dutse, gobe da asuba in sha Allahu zan turo.