Ƙaramar amfilifaya da fedal: yaya ake fitar da muryar jita mai daɗi?

Ɗan Damagaram: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Na sayi amfilifaya ta hannu, Fender Champ mai wat 5, tare da fedal Boss DS-1, wato ƙaramar na'urar da ake takawa da ƙafa don ƙara wa muryar jita kaushi, amma duk lokacin da na taka fedal ɗin sai muryar jitar ta koma kamar ƙudan zuma a cikin gwangwani. Shin ƙanƙantar amfilifayar ce matsalar, ko kuwa ni ne ban iya saita ta ba?

Mai ɗakin ɗaukar sauti, Kano: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Kada ka raina abin da ke hannunka. Kunnen mutum ba ya jin ƙara ta ninka sai ƙarfin wat ya ninka kusan sau goma, saboda haka mai wat 50 ba ta fi taka ƙara da yawa ba kamar yadda za a zata daga lambobin. Daɗin Champ yana cikin bawul ɗinta na 6V6, wato kwalbar lantarki mai ƙara ƙarfin sauti, wanda ba ya sakin murya sai an matsa masa. Ka murɗa ƙarar amfilifayar har ka ji ta fara ɗan dushewa idan ka bugi tsirkiya da ƙarfi, sannan ka rage ƙarar daga jikin jitar zuwa bakwai. A nan za ka sami murya mai tsabta, idan kuma ka buɗe ƙarar jitar zuwa goma sai kaushin ya fito da kansa. Game da DS-1, ka mayar da maɓallin Tone, mai saita kaifin murya, ƙasa da rabi, domin daga nan ne wannan zuzar take fitowa.

Tsohon makaɗi, Kaduna: Malam ya faɗi gaskiya, sai dai ni da zan ba ka shawara, ɗana, da fedal Ibanez Tube Screamer ko Boss SD-1 za ka nema. Sifikar Champ inci 8 ce, kuma ba ta iya ɗaukar kauri mai yawa. Idan aka cika mata sai ta riƙa burari. Waɗannan fedal biyu suna rage kaurin, su turo muryar tsakiya gaba, wadda ita ce take ratsa ganguna har ta kai kunnen mai sauraro. Ka sa maɓallin Drive na kaushi ƙasa sosai, ka ɗaga Level na ƙara sama. Haka na yi shekaru ina yi, kuma har yau ina jin daɗin yadda sauti ɗaya yake daɗewa yana rawa a ƙarƙashin yatsana.

Ɗan Damagaram: Na gode, Baba. To fedal mai maimaita sauti fa, a ina zan jona shi?

Tsohon makaɗi, Kaduna: Bayan na kaushi, shi ne na ƙarshe kafin amfilifaya. Tunda Champ ba ta da wata ƙofa ta daban da ake jona irinsa, ka rage yawan maimaitawar, in ba haka ba sautukan za su cakuɗe.

Mai gyaran kayan sauti, Yamai: Yayana, kafin komai ka duba bayan amfilifayar. Idan daga Amurka ta fito, wuta mai bolt 120 take ci, tamu kuwa 220 zuwa 230 ce, don haka dole a sa mata taransifoma mai rage wuta. Na sha buɗe irinsu na tarar da ciki ya ƙone ƙurmus. Fedal na Boss kuma wuta mai bolt 9 suke so, da adafta mai nagatif a tsakiya. Idan da janareta kake aiki kuma kana jin gurnani, ka gwada batir, sau da yawa gurnanin daga adafta mai arha yake.

Mai ɗakin ɗaukar sauti, Kano: Ranar biki kuma ka ɗora ta a kan kujera ta fuskanci kunnenka, ka sa makirfo Shure SM57 dab da sifikar, ɗan gefe da tsakiyarta, a kai shi mikisa, wato na'urar haɗa sautuka. Idan ka gwada, ka ɗauko mana sautin mu ji.